Tausar Kai: Abin da Hannu Yake Iyawa da Inda Ya Kamata Ya Tsaya

Ƙannena da 'ya'yana na ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan.

Duk wanda ya tashi a yankin nan ya san wahalar da kai yake sha. A kansa yarinya take ɗora gammo ta ɗauko ruwa, a kansa saurayi yake fito da damin rake daga fadama zuwa bakin titi. Shi rana take duka tun hantsi a gonakin tumatir da barkono na Ikara da lambunan inabi na Kudan. Shi yake shaƙar hayaƙi a wurin dafa mazarƙwaila, shi yake shan iska da ƙura a kan babur tsakanin Tashar Yari da Makarfi, shi ne kuma yake sunkuye a kan littafi ko waya har dare ya raba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in magariba ta yi ka ji wannan yana cewa kansa na sara, wancan ya ce ƙeyarsa ta riƙe, wata ta ce ji take kamar an ɗaure mata goshi da igiya. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 kimanin kashi 40 cikin ɗari na mutanen duniya suna fama da wani nau'i na ciwon kai.

Yanzu kuma ga wani hoto yana yawo a hannunku: kan mutum an zana shi gida-gida, nan gidan hanta, nan na ƙoda, can na ido. Ana ce muku wanda ya danna wuri kaza na minti biyu zai rabu da hawan jini, wanda ya murza wuri kaza ciwon suga zai sake shi. A kan wannan nake so mu tattauna. Ina so ku koyi tausar kai, ku iya ta sosai, domin tana da amfani na gaskiya kuma ba ta cin ko sisi. Ina kuma so ku san iyakarta, domin akwai ciwon kan da duk mintin da aka ɓata ana tausa shi, daga rayuwar mai shi aka zare.

Daga ina taswirar ta fito?

A shekarar 1913 wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Amurka, William Fitzgerald, ya fito da ra'ayin cewa jikin ɗan'adam ya kasu shiyya goma a tsaye, daga tsakar ka zuwa yatsun ƙafa, kuma in an matsa wani wuri a cikin shiyya, sauran sassan da ke cikinta za su amsa. A shekarun 1930 wata ma'aikaciyar gashin ƙashi, Eunice Ingham, ta ɗauki ra'ayin ta zana dukan jiki a tafin ƙafa, ta kuma fitar da littafi a 1938. Daga baya wasu suka yi irin wannan zane a tafin hannu da fuska da fatar kai.

Wani tushen kuma daga ƙasar Sin ya taso, inda tun tuni suke da ilimin soka siraran allurai a wasu gurabe na jiki. Su ne suka raɗa wa guraben kai sunaye: Baihui a tsakar ka, Taiyang a gefen goshi, Fengchi a gindin ƙeya. Taswirar da ta keɓanta da fatar kai kuwa sabuwa ce. Wani likita mai suna Jiao Shunfa ya tsara tasa a farkon shekarun 1970, wani kuma a Japan, Toshikatsu Yamamoto, ya fito da tasa daban a 1973. Hotunan da ke yawo a yau gauraye ne na waɗannan duka, kuma wanda ya jera biyu ko uku ya duba zai ga ba su yarda da juna ba. Inda wannan ya sa hanta, wancan wani abu ya sa.

Masana sun gwada da'awar cewa danna gurabe yana warkar da cuta. A 2009 Farfesa Edzard Ernst na Ingila ya tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi a kan wannan hanya ta danna gurabe, ya ga babu gamsasshiyar hujja cewa tana warkar da wata cuta. A 2015 gwamnatin Ostareliya ta sa aka yi nata binciken, sakamakon bai bambanta ba. Ilimin sassan jiki ma ya nuna dalili: babu wata jijiya da ta tashi daga fatar kai ta zarce hanta ko ƙoda, kuma tsakanin yatsanka da ƙwaƙwalwa akwai ƙashin ƙoƙon kai. Don haka duk wanda ya ce wa mahaifinka ya ajiye maganin hawan jini ya koma danna tsakar ka, ya cuce shi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa.

To me ya sa ake jin daɗinta?

Saboda akwai abin da hannu yake taɓawa da gaske. Ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi. Abin da ke ciwo shi ne abin da ke kewaye da ita: fata da tsoka da jijiyoyi da hanyoyin jini da mayafin da ya lulluɓe ta. Ɗora yatsu a gefen goshinka, tsakanin ido da kunne, ka cije haƙora. Abin da ka ji ya motsa tsokar tauna ce, kuma mai yawan cizon haƙora saboda damuwa yakan wayi gari tana masa ciwo. A gindin ƙeya kuma akwai ƙananan tsokoki masu riƙe da kai, wanda nauyinsa a jikin babba ya kai kusan kilo 5. Ka ƙara masa tulun ruwa, ko ka sunkuyar da shi awa uku a kan waya, ka ga aikin da ka ba su. Ta tsakaninsu wata jijiya ta ratso ta hau bayan kai har tsakar ka, shi ya sa ciwon da ya fara a dokin wuya yakan hauro sama.

Irin wannan ciwon kai na ɗaurewar tsoka da gajiya shi ya fi kowane yawa a duniya. Yakan kama ɓangarori biyu, ba ya sa amai, ba ya hana mutum tafiya. A nan tausa take da gurbi. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, sun bayyana cewa saƙon taɓawa da murzawa yana iya rage saƙon zafi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Abin da uwa take yi ke nan in yaronta ya yi karo da ƙofa ta murza masa wurin. Ga kuma natsuwar da mutum yake samu in ya zauna ya ajiye komai, numfashinsa ya daidaita, kafaɗunsa suka sauko. Sauƙin na ɗan lokaci ne, amma sauƙi ne na gaskiya, kuma wanda ya yini a rana ya san darajarsa.

Yadda ake yi

Wanke hannu, ka tabbata farcenka a yanke yake. Sha ruwa kofi ɗaya ko biyu, ka nemi inuwa ko ɗaki mai iska ka zauna, ka cire hula. Ke kuma ki sassauta ɗankwali, ki kwance abin da kika ɗaure gashi da shi. Mai ba dole ba ne, amma ɗan man kaɗanya ko man zaitun yana sa yatsu su yi santsi, musamman da hunturu da fata take bushewa.

Fara da dukan kai. Buɗe yatsu goma ka kafa cikinsu a kan fata, ba farce ba, ka motsa fatar a kan ƙashi a hankali kana kewayawa. Fatar ake so ta motsa, ba a goge gashi ba. Taso daga goshi zuwa tsakar ka, ka gangara ƙeya, ka dawo ta bayan kunnuwa. Daga nan ka koma gefen goshi, inda ka ji tsokar tauna, ka saki muƙamuƙi haƙora su rabu, ka murza da yatsu biyu kamar na minti ɗaya. Sai tsakanin gira: ɗora yatsa ɗaya ka danna kaɗan, sa'an nan ka bi ƙashin gira daga ciki zuwa waje, ba tare da ka taɓa ƙwayar ido ba.

Wurin da ya fi biyan buƙata shi ne gindin ƙeya. Laluba da manyan yatsu inda ƙashin kai ya ƙare wuya ya fara, za ka ji ɗan kwarmi a dama da hagu na dokin wuya. Kafa manyan yatsu a ciki, sauran yatsu su rungumi kai, ka ɗan kwantar da kan baya nauyinsa ya sauka a kansu. Ka zauna haka kana jan numfashi ta hanci kana sakinsa a hankali sau biyar ko shida. Ka ƙarasa da kafaɗu: kama tsokar da ke tsakanin wuya da kafaɗa da ɗaya hannun, ka matsa ka saki. Minti biyar zuwa goma sun wadatar. Ma'aunin ƙarfi ɗaya ne, a ji daɗi. In ya zama zafi, ko jiri ya taso, ko ciwon ya ƙaru, a tsaya nan take.

Akwai wuraren da hannu ba ya zuwa. Kada a danna gefen wuya ta gaba, ƙarƙashin muƙamuƙi, inda ake jin bugun jini. Manyan hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ta nan suka bi, kuma danna su na iya sa mutum ya suma, balle dattijo. Kada ka yarda wani ya murɗa maka wuya da ƙarfi don ya ji ƙara. Kada a tausa kan da ke da rauni ko ƙuraje ko makero, domin yatsu da mataji suna yaɗa shi. Jariri kuwa, a yi nesa da maɗigarsa. Ba ta gama rufewa sai ya doshi shekara ɗaya da rabi. Maɗigar da ta faɗa ciki, musamman ga yaro mai gudawa, alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki, wadda ta kumbura kuma ga zazzaɓi alama ce ta haɗari. Duka biyun na asibiti ne, ba na shafe-shafe ba.

Ba baƙon abu ba ne a gidajenmu

Kada ku ɗauka kula da kai da hannu sai da waya ta zo muka san shi. Wanzami in ya gama aski yakan shafa kai ya ɗan matsa ƙeya. Makitsiya takan tsefe, ta taje, ta bi tsaga da man shanu ko man kaɗanya, har mai kitson ta fara gyangyaɗi. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana taje wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kansa. Ya kuma tabbata cewa an yi masa ƙaho a ka saboda ciwon ɓarin kai alhali yana cikin harami. Neman sauƙi ga kai abu ne mai asali a addininmu da al'adarmu.

Sai dai gado yana son gyara. Wanda zai yi ƙaho ko aski ya tsaya a kan sabuwar reza ko askarsa ta kansa, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, kuma aska ba ta nuna wanda ta taɓa jiya. Ku kuma 'yan mata, kitson da ya ja fata har kika kasa barci a daren farko, ko ƙananan ƙuraje suka fito a gaban goshi, ya yi tauri da yawa. Shi yake jawo ciwon kai yau, shi yake cinye gashin gaba nan da 'yan shekaru. Ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu, babu kunya a ciki.

Ciwon kan da ba a tausawa

Nan ne nake roƙon ku buɗe kunne, domin in kunne ya ji jiki ya tsira. Muna zaune ne a cikin yankin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, kuma cutar takan tashi daga hunturu zuwa ƙarshen bazara. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. Ta 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ta ci rayuka fiye da 1,000. Ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, mutum ya kasa kai haɓarsa ƙirji, haske yana damunsa, ko ya fara sambatu: wannan na iya kisa cikin kwana ɗaya. Ba riƙewar ƙeya ba ce ta gajiya. A nemi mota a tafi asibitin Ikara ko na Makarfi ko na Hunkuyi, duk wanda ya fi kusa, in ta kama su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. In masu rigakafi sun zo unguwarku, ku fito da ƙannenku.

Haka ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da mutum bai taɓa ji ba. Haka wanda ya zo da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe, domin alamun shanyewar ɓarin jiki ne. Haka na wanda ya faɗo daga babur ya bugu a ka, ko da ya tashi ya kakkaɓe jiki ya ce lafiya lau, in daga baya ya fara amai ko barci mai nauyi ko rikicewa. Haka na yaro mai zazzaɓi da damina, domin zazzaɓin cizon sauro yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Mai juna biyu da cikinta ya haura wata biyar, in ta ce kanta na sara, tana gani dishi-dishi, fuska da hannuwa sun kumbura, to jijjiga ce take sallama. Kai angon bara, kada ka ce bari gari ya waye. A auna jininta a daren.

Sai biyu da suka shafi sana'o'inmu da gidajenmu kai tsaye. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari a gonar tumatir ko lambu ya dawo da ciwon kai da yawan miyau da gumi da tashin zuciya da dushewar gani, guba ce ta shige shi. A cire masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar maganin a hannu. Mutanen ɗaki ɗaya kuma da suka tashi da ciwon kai da jiri gaba ɗayansu, bayan sun kwana da kaskon gawayi ko janareta a kusa kuma ƙofa a rufe, hayaƙi mai kisa suka shaƙa wanda ba shi da wari. A fito da kowa waje, a buɗe ko'ina, a nemi likita.

Tambayi ciwon abin da ya kawo shi

In ciwon kai ya zama baƙon kullum, tausa kaɗai ba za ta raba ka da shi ba sai ka gano ƙofar da yake shigowa. Ruwa nawa ka sha tun safe a wannan zafin? Ka karya kafin ka tafi gona? Ƙarfe nawa ka ajiye waya jiya? Wanda ya saba da goro ko shayi mai kauri yakan yi ciwon kai ranar da bai samu ba, shi ya sa kwanakin farko na azumi suke yi wa wasu nauyi. Ɗalibin da kansa ke ciwo duk lokacin da ya daɗe yana karatu ya je a duba idonsa. Mai ciwon ɓarin kai, wanda ke bugawa gefe ɗaya da tashin zuciya, ya fi buƙatar ɗaki mai duhu da shiru da ganin likita, domin akwai magungunan da aka yi dominsa. Wanda damuwa ce ta ɗaure masa kai, bashi ko jarrabawa ko rashin aiki, ya nemi wanda ya amince da shi ya faɗa masa, ya kuma kai kukansa ga Allah.

Ina jin tsoron wata al'ada da ta zama ruwan dare: a tsaya a kemis a ce “a haɗa mini na gajiya,” a watsa ƙwayoyi huɗu ko biyar da ba a san sunansu ba. Farasitamol ma da ake rainawa, babba ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma wuce haka yana lalata hanta. Wanda yake shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, wata bayan wata, maganin da kansa yakan koma ya zama sanadin ciwon. Ta wannan ƙofa ta gajiya da ciwon jiki taramadol da kodin suka shiga gidaje da yawa, har a 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A nan nake ganin babbar fa'idar tausa gare ku. Saurayin da ya saba, in kansa ya yi nauyi, ya fara da ruwa da inuwa da minti goma na yatsunsa, ya rage tafiyarsa zuwa ga ƙwaya.

Abu na ƙarshe, kada ku tsayar da wannan ilimi a kawunanku. Da dare in Baba ya dawo ya cire hula yana dafe ƙeya, kai ɗansa ka ce, “Baba, kawo in matsa maka.” Ke ma ki yi wa Inna haka bayan ta sauke tukunya. Yana cikin biyayyar da ake samun lada da ita, kuma a lokacin ne dattijo yake faɗin abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Ku tambaye su a hankali: tun yaushe, sau nawa, yaushe rabon da a auna jininsu. Hawan jini yakan zauna shekaru ba tare da wata alama ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, aka maimaita aka sake samun haka, yana buƙatar kulawar likita. Ba mu rasa masu awo ba. Makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta yaye 'ya'yanmu da yawa, suna nan a ƙananan asibitoci daga Paki zuwa Gimi zuwa Likoro, kuma awon ba ya cin minti biyar. Ku tausa wa iyayenku kai da dare, ku raka su awo da safe. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa ku gama da iyayenku lafiya.